HADANA

Shafi na 17

Daga Iya Aïssata mai ƙosan Gurda

Ke Chafaatou, ke da 'yan kanzaginki, kun ishe ni da kira sai ka ce akuyarku na sata. Kuran aka ɗauke mana, ba wutar caji, salula ta mutu. To ga shi nan, ku karanta ku bar ni in ji da kaskona.

*

“Na ce ki sakar min kwalin nan!”

“Ba zan saki ba, Malam. Sai dai ka haɗa da hannun ka karya.”

Chamsia ta ƙara ƙanƙame kwalin makaronar a ƙirjinta. Ɗinkin haihuwa na jan ta ta ƙasa, amma ko gezau. Dawowarta kenan daga asibitin yara don a yi mata wankan jego, ta tarar da mijinta Boukari durƙushe a tsakar ɗaki. Ya shimfiɗe cikin kwali da auduga, ya bi gefe da gefe ya huhhuda da ƙusa, wai don iska ta shiga. Ɗan bargon da ta saya tun ciki bai fito ba, shi ya ninke ya ɗora a kai.

Ba sai an gaya mata ba. Tana gani ta san wa aka yi wa wannan shimfiɗa.

“A cikin wannan za ka sa min ɗa?”

“A cikinsa zan sa ɗana.”

“Kwalin makarona, Malam?”

“Ya fi kwalbar Larabawa. Shi kwali ai nawa ne.”

A bakin ƙofa Inna Bintou na zaune kan 'yar kujera, ruwan wankan da ta dafa yana ta hucewa a waje. Tsohuwar nan ta riga kwalta zuwa Gurda, unguwarmu a nan ƙasar Larabawa. Duk wanda mota ta sauke daga Damagaram, a gidanta yake fara shan ruwa, kuma ita ta samo wa su Boukari ɗakin nan. Tun da aka fara rigimar goronta kawai take tauna.

“Malam, don girman Allah ka saurare ni,” in ji Chamsia. “Barka ko tsotso bai iya ba tukuna. Ta 'yar roba ake zuba masa abinci. Iskar da yake shaƙa ma inji ne ke tura masa ita. In ka zare shi…”

“Kin ji ko, Inna? Wai Barka. Ni uban ban yanka rago ba, ban raɗa suna ba, su har sun sa masa nasu.”

“Matan ɗakin ne suka sa masa, ranar da ya fara buɗe ido.”

“Da haka ake farawa. Yau suna, gobe ɗan gaba ɗaya.”

Ya miƙe tsaye. Dogo ne Boukari, siminti ya cinye masa tafin hannu. Kafin ya kama aikin gini, almajirin fikihu ne a Magaria, ya sauke littattafai a zaure, kuma ba ya so a manta da haka. A wurin aiki ma, in Balarabe ya yi masa Larabcin kasuwa, shi na littafi yake mayar masa.

“Da kunnena na ji, ba wani ya ba ni labari ba,” ya ce. “Da safen nan na tare likitan. Na ce yaushe za a ba ni yarona? Ya dube ni ya ce yaro yana hadana. Na ce har zuwa yaushe? Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ne masani. Hadana, Inna! Kin san mene ne hadana?”

Inna Bintou ta juya goro zuwa ɗaya kumatun.

“Kai ne malam.”

“Riƙon ɗa ne! Babi guda ne a fikihu. In aka raba ɗa da wani aka damƙa wa wani, shi ne hadana. Wanda aka bai wa hadana, shi ke da yaro, shi zai raine shi, kai uba sai dai ka tsaya daga nesa kana leƙe.”

“Malam, na gaya maka, na sake gaya maka,” Chamsia ta ce, muryarta har ta dushe. “Kwalbar ce suke kira haka. Kwalbar da ake sa bakwaini. Har a saman ƙofar ɗakin an rubuta.”

“An rubuta kuwa! Na karanta da idona. Ɗaki guda suka ware don karɓe 'ya'yan mutane, har da allo a kai, ko kunya babu.”

“Innalillahi…”

“Ke za ki koya min Larabci? Ke da a Tabbat kika ajiye allo?”

Ta dube shi. Ta san shi, ba mugu ba ne. Mutumin da ya goya ta a baya daga nan har bakin titi ranar da naƙuda ta zo mata ba shiri, yana gudu yana kuka, takalminsa ɗaya ya faɗi bai tsaya ɗauka ba. Tsoro ne ya cika masa ciki, ya rasa inda zai sauke shi, sai ya sauke a kan kalma.

“Ki duba mu da kyau,” ya ce, ya ɗan sassauta. “Ni ba ikama, ke ba ikama, ba mai takardar zama a cikinmu. Yaro a ƙasarsu ya faɗo. Gobe su tashi su ce uba ba takarda, uwa ba takarda, wa zai tsaya mana? Ba ga Ramlatou ta unguwar Jadid ba? Ba haka aka raba ta da 'yarta ba?”

Sai a nan Inna Bintou ta tofar da tukar goro a gwangwani.

“Wa ya ba ka labarin Ramlatou?”

“Kowa ya sani.”

“Kowa na bakin shayi? To ni zan ba ka, don ni ina nan. Ramlatou a kasuwa aka kama ta, ranar da aka yi hamla aka kwashe marasa takarda. 'Yarta na kwance a asibitin nan, ƙyanda ta rufe mata ido. Aka tura uwa gida, yarinya ba mai ita. Ka san wa ya riƙe ta? Ma'aikatan nan da kake zagi. Wannan ta kawo mata riga daga gida, waccan ta yi mata kitso. Suka bi suka bi har aka samo kawunta a Ubari. Ni na raka shi ya karɓe ta, da ƙafar nan tawa mai ciwo. Yarinya tana Tanout yanzu a gaban uwarta, har an yi mata ƙani.”

Boukari ya kawar da kai.

“Wannan daban.”

“Daban da me? Kai Boukari, yaushe ka zo garin nan? Ni na san lokacin da in zafi ya tsananta, kunama ke ɗebe mana yara a kan tabarma. Ta harbi yaro da hantsi, a kai shi makwanci kafin la'asar. Sai tsaga da tofi, sai kuka. Yanzu fa? Uwa ta saɓa ɗanta ta ruga can, a soka masa allura, gobe ka gan shi yana tsokanar kaji. Je ka tsaya a ƙofar asibitin da sassafe ka ga layi. Tubawa daga Gatrun, Buzaye daga Ghat, Larabawa, mu, har waɗannan masu Turanci da ke kan hanyar teku. In riƙe 'ya'yan mutane suke yi, a ina suke zuba su? A rumbu?”

Dariya ta so ƙwace wa Chamsia, kuka ya tare ta.

“Inna, kin makara,” in ji Boukari. “Na riga na gama magana da Maman Sani direba. Bayan magariba zai ɗaga zuwa Agadez, ya ba mu gaban mota. Zai tsaya mana ta bayan asibiti. Da yamma ai suna barin uba ya shiga ya ɗora yaro a ƙirji, ko ba haka ba? To in na ɗora shi a ƙirjina, ba mai sauke min shi.”

Chamsia ta jingina da bango.

Ta san wannan lokacin. Shi ne ma abin da ta fi so a yinin duka. A wanke hannu har gwiwa, a sa riga mai tsabta, ma'aikaciya ta buɗe 'yar tagar kwalbar ta ɗauko shi da wayoyinsa da robobinsa, ta kwantar mata da shi tsakanin ƙirji, fata da fata. Ba ya da nauyin ɗan tsako. Amma tana jin zuciyarsa, tif tif tif, tana gudu kamar ana korar ta. Ran nan robar hancin ta ɗan zame kaɗan, kafin ta buɗe baki leɓensa ya koma shuɗi, injin ya ɗauki kuka, mata biyu suka rugo a guje.

Zamewa kaɗan kenan. Balle Sahara.

“Malam, hamada ce fa,” ta ce a hankali. “Manya ma da jarkokinsu na ruwa ba duka ke ƙetarewa ba. Shi da bai cika tafin hannunka biyu ba?”

“Allah ke rayawa, ba inji ba. Ni ma bakwaini ne. A auduga uwata ta naɗe ni ta ajiye kusa da murhu. Ga ni a gabanki.”

“Ɗanmu na Magaria ma bakwaini ne,” ta ce.

Kafin ya yi magana ta ɗora.

“A auduga muka naɗe shi, ni da uwar taka. Kusa da murhu. Ba abin da ba mu yi ba. A cikin audugar aka ɗauke shi, Malam. Kai ka riƙe shi har maƙabarta. Ka manta?”

Tun da suka baro gida, ba wanda ya taɓa ambaton ɗan farinsu a cikinsu. Boukari ya koma bakin katifa ya zauna daɓas, ya dafe kai da hannu biyu. Tana ganin jijiyar wuyansa na harbawa.

Inna Bintou ta ƙyafta wa Chamsia ido, wato bar shi ya huce.

Can ya ɗago, idanu jawur.

“Inna, za ki raka ni? Mu koma wurin likitan. Ke kina jin irin Larabcinsu. Ya faɗa a gabanki cewa kwalba yake nufi, ya rantse.”

“Yanzu ma kuwa. Bari in ɗauko mayafina.”

Chamsia ta sauke numfashi. Hannunta ya fara sassauta kwalin.

To jama'a, a daidai wannan gaɓar Allah ya jeho Kaoussara.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san irin Kaoussara, ko da ba da wannan sunan ba. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya. Zuciya fara tas, amma bakin nan ba murfi. 'Yarta ta kwanta a asibitin saboda tarin ƙirji, an sallame su ba da jimawa ba, don haka ba lungun da ba ta leƙa ba, ba gadon da ba ta san tarihinsa ba.

“Salamu alaikum masu ɗaki! Maijego, ga kunun kanwa, ki shanye tun da zafinsa. A'a, Malam Boukari, yau ba a fita ba? Sannu da hutawa. Kai, na ga ɗanka jiya da na koma karɓar maganin 'yata Mamou! Tubarkalla, har kumatu ya fara. Hancin nan naka ne sak.”

“Mun gode, Kaoussara,” Chamsia ta yi sauri. “Ajiye nan, zan sha.”

“Ai dole ki sha, ko Allah zai sa naki ya kawo. Ba a dogara da na mutane har abada.”

Chamsia ta zaro mata ido. Ta girgiza kai. Ta ɗan taka mata ƙafa.

“Wayyo, yatsana! Jiri kike ji? Zauna mana. Ni dai Malam, in ka ga Balarabiyar nan ka yi mata godiya da kyau. Irin su ba su da yawa. Kullum da sassafe tana nan, ba fashi. Kuma ka ga ikon Allah, madarar gwangwani ta ƙi shi, cikinsa ya kumbura kamar ganga, amma nonon Moufida yana shiga ya karɓe shi. Ni na ce ma…”

Ta tsaya. Sai yanzu ta dubi fuskokinsu.

“Au. Bai… ba ku…”

“Nonon wa?” in ji Boukari.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi wa Chamsia sauƙi.

“Ni tukunyata na kan wuta,” Kaoussara ta ce, ta fara ja da baya.

“Tsaya nan. Chamsia, nonon wa ɗana yake sha?”

Ba sauran ɓoyo. Ta ajiye kwalin a bayanta, ta tsaya tsakaninsa da shi.

“Zazzaɓin da na yi bayan haihuwa ya ƙafar min da nono, Malam. Na tatsa, na tatsa, har jini. Ba ko ɗigo. Aka gwada masa na gwangwani, hanjinsa ya ƙi. Likita ya ce irinsa sai nonon mutum. Ita Moufida 'yar unguwar Mahdiya ce, kwalbar 'yarta na jikin ta Barka. Tare muke zama, tare muke wanke hannu. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Rannan da asuba tata ta koma.”

Muryarta ta karye. Ta daure.

“Na ɗauka ba zan sake ganin ta ba. Sai ga ta ta dawo, gaban rigarta sharkaf. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna Barka, ta dube ni. Likita ya auna jininta ya ce lafiya lau. Aka tambaye ni. Na ce na yarda.”

“Aka tambaye ki.”

“Eh.”

“Ni na mutu?”

“Kana gini a wajen gari, salularka ba ta shiga. Yaro na ƙanƙancewa a gabana. Da ka dawo kuma… na ji tsoron abin da za ka ce.”

“Doguwa ce? Mai baƙar abaya, da tabo a nan?” Ya nuna gefen girarsa.

Ta gyaɗa kai.

Ya yi wata irin dariya marar daɗi.

“Ita na gani da safen nan. Ta manna tafin hannunta a gilashin kwalbar, tana cewa wulidi, wulidi. Wannan kam ko a wane Larabci, ɗana take cewa. Na tambaye ki wace ce, kika ce min wata ce kawai. Wata ce kawai!”

Ya juya ga Inna Bintou.

“Kin gani? Kin ga hadanar? Kuna ta ce min kwalba, kwalba. Ga nono, ga hadana, me ya rage? A shari'a ta zama uwarsa, an gama. Ko ta roba aka zuba, in dai ya isa ciki ya isa. 'Ya'yanta 'yan'uwansa ne, mijinta ubansa ne. Mace ta binne tata, ƙirjinta na zuba, ga ɗan baƙi marasa takarda a kwance. Tana da ƙasa, tana da dangi, danginta na da bindigogi a ƙarƙashin kujerar mota. Ranar da za a buɗe kwalbar nan, ni da ita wa za a miƙa wa?”

“Boukari,” in ji Inna Bintou, “bara da aka yi shelar neman jini a masallaci, ba kai ne kan gaba ba? Ku goma sha nawa kuka tashi daga bakin titin Jadid da kayan aikinku kuka je kuka miƙa hannu? Jininka yana nan yana yawo a jikin wani ɗan Tubawa. Ka taɓa zuwa ka ce a ba ka shi, naka ne?”

“Jini daban, nono daban, Inna! Jini ba ya haramta aure. Kada ki haɗa.”

“To malam. Ta zama uwarsa. Sai me? Yaro ya yi uwa biyu a garin da wasu ba su da ko ɗaya. A gida in mace ta rasa nono ba maƙwabciya ke karɓa ba? Kai nan ka tabbata na uwarka kaɗai ka sha?”

“A gida kowa ya san gidan kowa. Nan in ta shige da shi wani gida ta ja ƙofa, wace shurta, waɗanne 'yan sanda, zan kai wa ƙara? In je in ce ga ni, marar ikama, ku kama ni tukuna?”

Inna ta jefa wani goron a baki.

Chamsia kuwa ta sunkuyar da kai. Don akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba, har Inna. Jiya Moufida ta zo da 'yar hula ta ulu, ruwan hoda, wadda ta saƙa wa tata 'yar. Ta roƙi a bar ta ta ɗora Barka a ƙirji, Chamsia ta bari. Da lokaci ya cika ma'aikaciya ta miƙo hannu, Moufida ba ta sake shi nan da nan ba. Ta ƙara matse shi, ta rufe ido, sai da aka kira sunanta aka sake kira. A lokacin wani abu mai sanyi ya bi ta bayan Chamsia. Ta kwana da shi, ta tashi da shi.

Boukari ya karanta a fuskarta.

“Ke ma kin sani,” ya ce. “Wallahi ke ma kin gani. Dube ni ki ce ƙarya nake.”

Ta dube shi. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

“Ban san zuciyarta ba, Malam. Allah kaɗai ya sani. Amma ko da gaskiyarka ce…”

“Ko da me?”

“Ko da gaskiyarka ce. Gara in hango shi goye a bayan wata yana numfashi, da in sake ganin ka da auduga a hannu.”

Kaoussara ta dafe baki.

Boukari ya tsaya kamar an mare shi. Sannan ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

“To. Kin bayar kenan. Ke kin bayar, ni ban bayar ba.”

Taku biyu ya yi ya ture ta gefe, ya sunkuya ya ɗauki kwalin. Ta kama gefensa, kwalin ya yage, auduga ta zubo. Ya fizge ya cusa ta ciki.

“Malam, don darajar iyayenka!”

“Ki haɗa kayanki. In kin ga dama ki same mu a bayan asibiti. In ba ki ga dama ba, ki zauna ke da Moufidarki.”

“Boukari, ka ji tsoron Allah,” in ji Inna Bintou.

“Shi nake ji, Inna. Shi zai tambaye ni ɗan da ya ba ni.”

Ya juya ya ba su baya, ya nufi ƙusar da ke ƙuryar ɗaki inda rigarsa ta fita ke rataye. Rawaninsa ya sarƙe da ƙusar, ya tsaya yana kiciniyar warwarewa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kwali.

Chamsia ta dubi ƙofa. Ta dubi ƙirjinsa da faɗin kafaɗarsa. In ya fita daga ɗakin nan, ba ita ba, ko maza uku ba za su tare shi ba. Mai gadin asibiti ya san shi, kullum sai sun gaisa. Ma'aikatan sun san shi uban Barka ne, da murmushi za su buɗe masa kwalba.

Sai ta ji an taɓa mata ƙafa.

Inna Bintou ce. Idonta na kan silin, bakinta na tauna, kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Amma da babban yatsan ƙafarta ta turo wani abu a kan siminti, sannu a hankali, har ya taɓa ɗiddigen Chamsia.

Kwaɗon ƙofa ne, wanda muke ce wa kadana. A buɗe, makullin na jiki.

Tsohuwar ta ja kujerarta ta matsa daga bakin ƙofa zuwa ciki, ta ba da hanya. Ba tare da ta motsa leɓe sosai ba ta ce, “In kin ja ƙofar zan jingina da ita. Ba zai ɓalla ta a kaina ba.”

Chamsia ba ta san lokacin da ta sunkuya ba. Ba mayafi, ba takalmi. Ɗinkin ya soke ta kamar wuƙa, ba ta tsaya ba.

“Ke! Ina za ki?”

Ta riga ta fita. Ta kama ƙofar ƙarfen da hannu biyu ta jawo ta da dukkan ƙarfinta.

GARAM!

Ta zura kwaɗo, ta danna. Ƙyas.

“Chamsia! Chamsia, buɗe ƙofar nan!”

“Wayyo ni, har da ni aka rufe! Tukunyata! Maijego, wake ne a kan wuta!”

“Inna, tashi daga nan! Ki tashi na ce!”

“Ƙafata ta riƙe, ɗan nan. Sai dai ka ɗaga ni.”

Chamsia ta damƙe makullin a tafin hannu har ya shige mata nama. Rana ta karkata, magariba ba nisa. Dole ta isa asibitin kafin Maman Sani, ta samu likita, ta samu mai gadi, ta faɗa musu ko da hannu da ido ne. Ta juya ta fara ɗingishi zuwa zaure.

Sai ta ji ƙara daga cikin ɗakin.

Salularta. Ta bar ta a kan taga tana caji.

“Laa, ana kira!” muryar Kaoussara ta ratso ƙarfen. “Ga shi an rubuta… Moufida!”

Chamsia ta tsaya cak. Moufida ba ta taɓa kiran ta ba. Me za su ce wa juna, su da ba yare? Sun karɓi lambar juna ne bisa sharaɗi ɗaya, da hannu suka ƙulla shi a gaban kwalba: sai in wani abu ya sami yaron.

Bugun ƙofa ya tsaya.

Ƙarar ma ta tsaya.

Sai muryar Boukari, ƙasa-ƙasa:

“Alo?”

*

Wai! Kun ga ƙosaina ya ƙone.

Iya Aïssata ce.